Sunan da ke Jikin Ƙararrawa

Shekara shida Tsiyala na jinyar wata tsohuwa, Donna Porziya, tun da ta baro ƙasarsu Jojiya ta sauka a kudancin Italiya. Wanka, juya kwanciya, abinci a baki, duk ita ce. Ga shi saura wata biyu takardar zamanta ta ƙare.

Lauya Loredana, mai taimakon baƙi kyauta ranar Laraba a ɗakin bayan coci, ba ta ɓoye mata komai ba.

"'Yar'uwa, ba za a sabunta ba sai an tabbatar da inda kike zaune. Ɗan sandan unguwa zai zo, kuma ba ya faɗin rana. Jikin ƙararrawar ƙofa zai duba. In babu sunanki sai ya rubuta ba kya nan. Daga nan sai takardar kora."

Tsiyala ta rubuta sunanta a 'yar takarda ta manna. Ranar Lahadi Sabino, ɗan tsohuwar, ya zo cin taliyarsa ta mako, ya sa farce ya ɓamɓare.

"Gidan ubana ne, ba masaukin baƙi ba. Gobe sai ki ce kina da gado."

Sau uku tana mannawa yana cirewa, mutumin da bai taɓa zubar da fon uwarsa ba! A na huɗu Donna Porziya ta ce, "Miƙo min biro, 'yata." Da ƙyar ta zana sunan a karkace, ta sa aka manna.

"Taɓa wannan ka gani, mara kunya," ta ce wa Sabino. "Wa ke wanke ni? Kai?"

Bai taɓa ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hantsin Alhamis, tsohuwar ta cika a hannun Tsiyala. Kafin yamma masu shirya jana'iza suka liƙa sanarwar rasuwa a bakin ƙofa kamar yadda aka saba, babbar takarda mai baƙin gefe da hoton mamaciya a tsakiya. Takardar ta rufe ƙararrawar ruf. Ba mai taɓa irinta sai an binne gawa.

Washegari gida ya cika da 'yan gaisuwa. Tsiyala na raba kofi ta hango ta taga ɗan sanda tsaye da fayil, yana dube-dube. Har ya zaro biro. Ta ajiye kofin. Ta sauko a guje, ba ko takalmi.

"Ranka ya daɗe, ni ce! Nan nake zaune!"

"Baiwar Allah, kowa ma zai iya faɗin haka. Suna nake nema."

Ta dubi hoton. Ita ta taje wa tsohuwar gashi ranar da aka ɗauke shi. Mata sun leƙo ta baranda, Sabino na bakin matakala.

"Yafe min, Mama," ta ce, ta cusa yatsu ta yage.

Rubutun karkatacce ya bayyana. Ɗan sandan ya karanta, ya yi alama a fayil, ya yi ta'aziyya ya wuce.

"Innalillahi" ba ta cikin bakinsu, amma salatin da matan suka ɗauka ya cika layin. Wata ta tofa yawu. Sabino ya ce ana gama jana'iza ta tattara kayanta.

Tsiyala ba ta ji shi ba. Rabin fuskar Donna Porziya ne a tafin hannunta, tana ta shafa shi ya miƙe, tana kuka, ya ƙi miƙewa.