Igiyar da Hidde Ya Tsince

Hidde ya durƙusa a kan yashi, gwiwoyinsa suka yi ƙarar da suka saba, ya tura tafukansa ƙarƙashin ƙwai biyun ya ɗago su tare da yashin da suke kai. Sheƙar ke nan gaba ɗayanta, ɗan lotsi a ƙasa, ko sili ɗaya na ciyawa babu. Tsuntsuwa ta taso tun daga gaɓar Afirka don ta yi ƙwai a Friesland, amma iyakar ginin da ta ga ya kamata ke nan.

"Taki ɗaya, Injiniya," in ji Baukje daga can gefe. "Ɗaya na ce, ba irin takunka na zuwa cin abincin banza ba."

Baukje ƙanwar matarsa ce marigayiya, ita ce kuma mai kula da tsuntsayen wannan gaɓa. Tun rasuwar yayarta ta ɗauka cewa aikin ba shi umarni gado ne da ya faɗo mata, ba ta kuwa taɓa sakaci da shi ba.

Ƙarfe huɗu teku zai yi babbar cika, ga iskar arewa tana ingiza shi. Sheƙa bakwai suka rage a ɗan zirin yashin, kuma duk ruwa zai shanye su idan ba a matsar da su ba. Ba a matsarwa lokaci guda. Taki ɗaya ake yi, a ja da baya a jira uwar ta sauko ta zauna, a ba ta rabin sa'a, sannan a sake. Baukje ta ɗauki shida, ta bar masa ɗaya, wadda ta fi kusa da ruwa.

Lokacin yana saurayi yashin nan sai ka yi tafiyar rubu'in sa'a kafin ka jiƙa ƙafa, tsuntsayen kuma ɗaruruwa ne, farare, da baƙar hula a ka. Yanzu teku na ci ta gaba. Ta baya kuwa ganuwar dutse ce mai tsare garin, wadda shi Hidde ya yi shekara talatin da ɗaya yana ginawa yana gyarawa. Yashi ya rasa inda zai ja da baya, sai ya yi ta ramewa.

Sau uku ya matsar da sheƙar, sau uku uwar ta dawo. A na huɗu ya ɗora ƙwan a kan akwatin kifi da suka cika da yashi a gindin ganuwa, ya shafe saman da gefen hannu har ya yi sumul, ya jera 'yan tsakuwoyin da ke kewaye da ƙwan. Akwai wani guntun igiyar roba shuɗiya, irin ta masunta, da ke biye da sheƙar tun safe. Hannunsa ya tsince shi ya jefa aljihu ba tare da ya yi shawara da shi ba. Ma'aikacin ganuwa ba ya barin tarkace a bayansa. Haka aka koya masa, haka ya koya wa wasu.

Suka koma kan dutse suka zauna. Baukje ta tsiyaya masa kofi, ta miƙa masa burodi da cuku.

Tsuntsuwar ta zo. Ta tsaya cak a iska bisa akwatin tana kaɗa fuka-fuki, ta leƙa, ta wuce. Ta sauka inda sheƙar take ɗazu, ruwa ya taɓa ƙafarta, ta tashi. Ta sake zagayowa.

"Wawuya," in ji Hidde. "Ga 'ya'yanki a gabanki."

"Minti nawa ke nan?"

"Tara."

"A wannan iskar, in aka kai ashirin ƙwan sun huce." Ta ɗora madubin hangen nesa a idonta. A kan turken shinge wani hankaka ya sauka, ya gyara tsayuwa kamar wanda aka gayyata. "Me ka yi wa sheƙar nan, mijin yaya?"

"Gyara ta na yi."

"Abin da nake tsoro ke nan. Ina igiyar?"

"Wace igiya? Shara ce."

Ta sauke madubin ta dube shi. "Ba ƙwan take ganewa ba, Hidde. Ƙwai duk kamarsu ɗaya da tsakuwa. Wurin take ganewa. Kai da wace alama kake gane ƙofarka in ka fito daga mashaya?"

Ya sa hannu a aljihu, ya fiddo marfin kwalba, da ƙusa mai tsatsa, sannan igiyar.

"Ta wane gefe take?" ta tambaya.

Mutumin da ya haddace tsayin kowane sashe na ganuwar nan, ga shi ya kasa tuna inda guntun igiya ya kwanta. Ya rufe ido ya nemi hannunsa na dama a tunani, yadda ya miƙa, yadda ya ɗan karkata.

"Ta ɓangaren teku. Kanta yana kallon hasumiyar coci."

"To tashi. Kada ka gyara komai, don Allah."

Ya sauka. Ruwa ya riga ya kai idon sawunsa. Ya kwantar da igiyar a karkace, ya sa yatsa ya ɓata sumul ɗin da ya yi, abin da ya fi ɗaukar dutse yi masa nauyi. Ya dawo da baya da baya.

Minti goma sha shida. Tsuntsuwar ta zagayo sau biyu, ta sauka a bakin akwatin, ta dubi igiyar, ta taka ta hau ƙwan, ta girgiza jiki ta lafe. Hankakan ya jira kaɗan don kada a ce ya ji kunya, sannan ya tashi.

Ruwa ya ci gaba da hawa. Ya lashi gindin akwatin, ya kai rabinsa. Ƙarfe huɗu da minti goma ya tsaya, saura faɗin tafin hannu ya kai baki. Daga nan ya fara sauka, ba gaggawa.

"Bana ke nan," in ji Baukje tana rufe butar kofi. "Baɗi sai mu ƙara matsawa taki ɗaya."

Hidde ya waiwaya. Bayan akwatin babu sauran yashi, sai duwatsun da aka jera su baki da baki, ko wuƙa ba za ta shiga tsakaninsu ba. Ya dafa ɗaya ya ɗan tura shi da tafin hannu.

"Ganuwar nan ba za ta matsa ba," ya ce. "Ni na gina ta."