Jesin da ke Ƙarƙashin Babbar Riga

A tashar Shinkafi babu wanda bai san Armiya'u direba ba, kuma ba tuƙi ya fito da shi ba, maƙogwaro ne. In ƙungiyar Damisar Shinkafi na wasa, tun daga bakin kasuwa ake jin sa yana koya wa alƙalin wasa aiki. Shi kuwa kallon mai dabara yake yi wa kansa: ya ga Legas, ya ga Agadas, wa zai yi masa wayo?

To, ɗansa Jabir ya ga yarinya a Ƙaura, Hamdiyya, ɗiyar Alhaji Gado mai hatsi. An kai gaisuwa, Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi sai ya zauna da uban yaro ya ga natsuwarsa. Abin da ya ɓata lissafi, Alhaji Gado shi ne uban ƙungiyar Jirgin Ƙaura, kuma ranar da ya sa ita ce ranar da Damisa za ta je can wasa. Ya aiko a haɗu a fili, ya ajiye wa baƙonsa kujera a rumfar manya.

Da safe matarsa Zulai ta same shi yana cusa kai cikin tsohon jesinsa ruwan ɗorawa.

"Malam, neman aure za ka ko hwaɗa? Bar abin ga gida."

"Ke ba ki sani ba. Duk ran da ban sa shi ba sai an ci mu. Babbar riga za ni ɗorawa bisa. Wa ka leƙa cikin rigar dattijo?"

Shi ya kwashi 'yan kallon Shinkafi a motarsa, amma da suka shiga Ƙaura sai ya sauke su nesa da fili don kada a gan shi da su. Suna sauka suna yi masa tsiya: "Baba Armi ya zama ɗan Jirgi! A gaida surukai!" Aka tura su bayan raga, cikin rana, inda ake ajiye baƙi. Shi kuwa ya gyara hula, ya fito da carbi, ya nufi inuwa.

Alhaji Gado, ƙato mai sanyin magana, ya tarbe shi hannu biyu. "Malam Armiya'u, kana taɓa kallon ƙwallo kuwa?"

"Jefi-jefi, Alhaji. Ni hayaniya ce ban so."

A rabin farkon wasa Armiya'u ya sha azaba. Aka kwashe ƙafar ɗan wasan Damisa, alƙali, wani siririn mutumin Zurmi, ya kau da kai. Zagi ya taso wa Armiya'u har wuya, ya haɗiye shi ya ce, "Astagfirullah." Manyan Ƙaura suka yi ta jinjina kai, sun ga mai ibada. Zufa kuwa na bin bayansa, ga shadda ga jesi.

An dawo hutu ke nan Safwan, ɗan gaban Damisa, ya yanke mutum biyu ya narka ƙwallo a raga.

Armiya'u bai san lokacin da ya hau kujera ba. Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma, babbar riga ta tashi sama. "Jirgi ya kwanta! A kira makanike! Ina 'yan Ƙaura? Ku tahi ku auna gero!"

Sai ya ji fili ya yi tsit ta inda bai kamata ba. Can gefe mai tuta ya ɗaga tutarsa: satar gida, ba ci. Ga Armiya'u tsaye bisa kujera a tsakiyar dattawan Ƙaura, cikin jesin da ya kasa rufe cibiya. Babbar rigar kuwa kan Alhaji Gado ta sauka, ta lulluɓe shi har gwiwa.

Alhaji ya yaye ta a hankali, ya ninke, ya ɗora a cinya. Bai mayar ba. Haka Armiya'u ya zauna har aka tashi, yana jan jesi ƙasa, yana tunanin da wane baki zai gaya wa Jabir. Kafin a busa tashi, Jirgi ya ci ɗaya, wani tsoho ya leƙo ya tambaye shi ko har yanzu ana neman makanike.

Da mutane suka watse, Armiya'u ya fara, "Alhaji, wallahi sheɗan ne..."

"Bar sheɗan ya huta. Bara da munka zo Shinkahi, wa ya ce mani buhun gero da hula?"

Armiya'u ya dubi ƙasa.

"Tun ran nan na san muryarka. Yau da ka zauna kana ja mani carbi, na ce a raina in wanga ya kai ƙarshe haka, ɗiyata ba ta shiga gidan da aka iya ɓoye hali. Ashe ba ka iyawa. Ku turo magabata." Ya miƙa rigar, amma bai saki ba. "Sai dai an ce mani in ba jesin ga, Damisa ba ta cin wasa. Tuɓe shi. Nan za ya zauna."

"Alhaji, ko yau da shi an ci mu."

"To ba ka yi asara ba. Tuɓe."

A bayan rumfa ya tuɓe. Suka kama hanya da sauran rana, don ba a bari duhu ya riski mota a wannan titi. 'Yan kallo suka dame shi, ina jesi? Ya ce dama haka ya shirya tun daga gida, mutum irin Alhaji sai da dabara.

Da ya isa gida, Zulai kaɗai ta leƙa wuyan rigar, ta ga ƙirji tsirara, ta tafi ɗora masa ruwan wanka tana dariya.