Fentin Efo Senyo

Dzifa ta shafa wa ƙarfen ruwan sitaci, domin man da ofis ya ba ta ya ƙare tun makon jiya, sannan ta danna kan na'urar. Na'urar tana tura sauti cikin ƙarfe, idan ya dawo sai ta nuna kaurinsa. Milimita takwas. Ta rarrafa gaba cikin ƙasan jirgin fiton. Takwas kuma.

A samanta motocin doya sun fara matsa oda. Yau kasuwa ke ci a ƙetaren tafkin Volta, mutum wajen ɗari biyu sun yi cirko-cirko suna jiran sa hannunta kafin jirgi ya tashi.

"Madam Injiniya, kin gani ko?" in ji Efo Senyo, matuƙin jirgin, mai kiran jirgin tsohuwarsa, da ya leƙo ta ƙofar ramin da take ciki. "Tsohuwata lafiyarta ƙalau. Shekaranjiya na yi mata wanka, na shafe ta da fenti saboda zuwanki."

Al'adarsa ke nan. Shekara goma sha bakwai, duk zuwan masu awo sai ya yi sabon fenti a kan tsoho, kamar mai share tsakar gida don baƙo. Ba ha'inci ba ne, kara ce. Amma sauti yana jinkiri a cikin fenti, na'ura kuwa ba ta san kara ba, sai ta lissafa fentin a matsayin ƙarfe.

Dzifa ta zaro makankara.

"Kai, kai! Me za ki yi mata?"

"Efo, ka yi haƙuri. Faɗin tafin hannu kawai."

"Fentin da na yi da hannuna?"

Ta kankare. Shuɗi ya fita, kore ya biyo, sannan ja, sannan tsatsa ta zubo kamar garin kuli-kuli. Ta sake dannawa. Milimita uku da rabi, alhali doka ta ce shida. Ta gwada wuri huɗu tana fata na'urar ce ta haukace, amma ba inda ya kai huɗu.

Efo ya sauko ya durƙusa, ya daɗe yana shafa ƙarfen da yatsa.

"Ɗiyata, ƙetarawa ɗaya tak. Ruwa a kwance yake yau."

"Da mota shida a kanta? Ba zan sa hannu ba, Efo."

Da aka sanar, bakin ruwa ya rikice. Wata mai tumatir ta nuna ta da yatsa: "Ke da ɗan akwatinki! Shekara nawa muna hawa, wa ya mutu?" Tsoro ya saki Dzifa, har ta ji wani sanyi a ranta, don ta san ta yi daidai.

Sai ta ji injin kwalekwale ya tashi a ƙasan gangare. Masu kwalekwale sun ji labari. Mata suka kwasa da gudu da kaya a ka, da goyo a baya, suna ɗuruwa cikin kwalekwalen mutum ashirin har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. Ta ƙirga arba'in da ɗaya, ta daina.

"Efo, a hana su mana!"

Tsohon bai ɗauke idonsa daga ruwan ba.

"Wannan kwalekwalen katako ne, Madam," ya ce a hankali. "Ba mai auna shi."