Ruwan Ɓeraye

Ɗan ɓeran bai fi babban yatsanta ba. Inna ta kwantar da shi rigingine a kan tawul, Dakta ta danna agogo. Ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafafu, amma juyawa ta gagara.

"Ajiye shi. Kawo na gaba."

Na gaban ma haka. Shekara goma sha ɗaya Inna tana wanke keji a ɗakin gwajin nan, har ɗalibai sun laƙaba mata Uwar Ɓeraye, kuma tana amsawa, don ta fi rabinsu sanin aikin. Kejin kashi biyu ne. Masu farin salatif, tataccen ruwa iyayen suke sha daga injin da ke jikin bango, 'ya'yansu kuwa kafin ka janye hannu sun juya sun kama gabansu. Masu jan salatif, tun iyayen suna da ciki ruwan wata jarka ake ba su, mai sinadaran alminiyon da fuloraid, in ji Dakta. Nasu 'ya'yan a tsumbure suke, ga kasala, waɗanda suka girma kuma haƙoransu sun koma kamar alli, suna gutsurewa.

Inna ba ta taɓa tambayar inda jarkar take fitowa ba, sai ranar da direba ya dire ta yana mita.

"Unguwarku akwai layi, Inna. Awa guda na yi a bohol ɗin bayan masana'antar narka ƙarfen nan. Da ke suka aika ai an huta."

A nan Auta take ɗiban ruwa, 'yar Inna mai cikin wata bakwai, wadda ta dawo gida tun da aiki ya kai mijinta nesa.

*

A ofis, da Inna ta kai mata maganar Auta, Dakta ta nuna mata kujera, amma zama ya gagara. Sai murza safar hannu take yi tana sakewa.

"Inna, ɓera ba mutum ba ne. Sai mun gama, mun rubuta, an buga, sannan mu kai wa hukuma."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara, in an yi sa'a."

"Ai cikin ba zai jira shekara ba, Dakta."

"Kin sa hannu a takardar riƙe sirri ranar da aka ɗauke ki. In magana ta fita yanzu, masu masana'anta su maka mu a kotu, a rufe ɗakin nan. Ba ni, ba ke, kuma ba wanda zai sake gwada ruwan."

Ba muguwa ba ce Dakta, tsoro ne kawai irin na masu digiri, wanda yake zuwa da hujja. Ta kawar da kai tana gyara takardun da ba su hargitse ba.

"Injin bango dai ba a kulle shi," ta ce a hankali.

Daga ranar Inna ta zama 'yar dako. Kullum sai ta cika galan ta cusa a jaka, ta hau mota biyu da shi a cinya, kwandasta na harararta.

"Wannan za ki riƙa sha," ta ce wa Auta.

"Me namu ya yi?"

"Ba na son yawan tambaya."

Sau nawa maganar ta zo mata har leɓe ta mayar. Gaya wa Auta abu daidai yake da gaya wa layi gaba ɗaya, don bakinta ba ya da marfi. Ga kuma tsoron firgita mai ciki. Haka Inna take wuni da zullumi, in ta ga matan maƙwabta da bokiti a ka sai ta sauya hanya don kunya.

*

Rana ta tara aka ɗauke wuta a wurin aiki, Inna ta dawo gida tun azahar. Tsakar gida ta cika da shanya: 'yan riguna, 'yan huluna, safa da ba ta kai tafin hannu ba. Galan na jiya yana kife a bakin magudana. Auta na zaune gefen duron ruwan bohol, ta miƙe ƙafafu, kofi a hannunta.

"Au, kin kama ni," ta ce tana dariya. "Wallahi Inna ruwan nan naki salam yake, ba ya kashe ƙishi. Amma a wanki ba dama, sabulu kaɗan sai kumfa. Dubi yadda kayan suka fita."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko mana. Na ɓoye ne kar ki ji haushi, ga wahalar ɗauko shi."

Jakar ta sulale daga kafaɗar Inna. Ta buɗe baki, a wannan karon za ta faɗa, sai Auta ta cafko hannunta ta ɗora a kan cikinta.

"Tsaya, tsaya. Kin ji shi? In na sha mai sanyi haka yake yi."

Inna ta ji shi, yana harbin tafin hannunta. Auta ta ɗaga kofin ta shanye sauran.