Karare Huɗu a Tsakar Gida

Sau biyu Ihsan tana faɗuwa darasin ilimin halayyar ɗan Adam, kuma duk sau biyun ta fito daga ɗakin jarrabawa kanta a sama, kamar ita ta tsara tambayoyin. Dokar kwalejinsu a Kazaure ba ta da wasa: wanda ya faɗi karo na uku sai ya ɗaure kayansa. Shi ya sa ta kwaso takardunta ta taho gida Babura, wai can za ta fi samun natsuwa.

Matsalarta ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, raini ne. Turawan da aka ce ta haddace bincikensu, ko ɗaya bai cika mata ido ba. Na Rasha ɗin nan, Pavlov, ya zauna da gemunsa yana auna dalalar kare, abin da a unguwarsu da tuni an nema wa mutum magani. Wani ya sa yara sun kalli babba yana jibgar 'yar tsana, sannan ya fito yana shela wai ya gano yara na kwaikwayo. Amma wanda ya fi ƙona mata rai shi ne Asch. Shi ya zana layi ɗaya, ya zana wasu uku a gefe, ya ce a nuna wanda ya yi daidai da shi. Sai ya haɗa baki da mutanen ɗakin su faɗi amsar banza ɗaya bayan ɗaya, ya zuba ido ya ga ko mutum guda da bai san zancen ba zai bi su. Da yawa kuwa suka bi. Bara da aka tambaye ta dalili, layi ɗaya ta rubuta: matsorata ne. Malamin ya zana mata sifiri mai girman faifai.

Ranar Asabar ta ture takardun, ta ce gara ta gwada a gida ta gani da idonta. Ta je bayan rumbu ta karyo karan dawa guda huɗu. Ɗaya ta aje gefe, uku ta jera: na farko daidai da shi, na biyu ya fi shi, na ƙarshe kuwa gajere da taƙi guda cur. Sannan ta tara Kawu Kyari, wanda ya dawo daga kasuwar hatsi, da matarsa Inna Ma'u, da Shatu, yayar ita Ihsan.

"Duk ku ce na biyu ne. Iya za mu gwada."

"Ni in shirga wa uwata ƙarya saboda Bature?" in ji Kawu.

"Ba ƙarya ba ce, Kawu, bincike ne."

"To a littafin wa mala'ika zai rubuta ta, nawa ko na Baturen?"

Sai da ta tuna masa wannan ce damarta ta ƙarshe sannan ya yarda, yana gunguni.

Iya Yagana, kakarsu, ta fito tana dogara sanda. Ihsan ta zaɓe ta ne don tsakanin jika da kaka akwai wasa, kuma tsohuwar ba ta taɓa bin ra'ayin kowa ba tun da aka kawo ta daga gabas.

"Ke 'yar boko, karatun ya koma tsintar kara?"

"Zauna dai, tsohuwa. Yaya Shatu, fara."

Shatu ta sunkuyar da kai. "Ga manya zaune?"

"Inna, to ke."

Inna Ma'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ni in riga surukata magana? Ba a haife ni ba."

Kawu ya yi gyaran murya, ya dubi sama, ya dubi takalminsa. "Iya tana wurin, ai ita ce da farawa."

Ihsan ta dafe kai. Tun ba a je ko'ina ba an juya wa Asch bincikensa. Iya ta ƙanƙance ido, ta leƙa kararen, ta nuna da sanda.

"Wancan na ƙarshen."

Gajeren. Wanda ko jariri zai gane.

"Shi ne, Iya," in ji Kawu da sauri. "Kamar da wuƙa ɗaya aka yanke su."

"Tun daga madafa na hango," in ji Inna Ma'u.

"Ni ma shi na gani," in ji Shatu.

Iya ta juyo. "Ke fa, uwar masu sani?"

"Na farko ne. Wanda kika nuna gajere ne, Iya. Idonki ne ya gaji."

Tun da likitocin ido suka ce Iya ta sa tabarau ta fatattake su, ba wanda ya ƙara ambaton ido a gabanta, kuma ba a saka wannan cikin wasan jika. Ihsan ta sunkuya za ta haɗa kararen biyu kowa ya gani, amma Inna Ma'u ta riga ta. Ta kwashe su duka ta cusa a murhu, ta ce wutar tuwo na mutuwa.

Daga nan Ihsan ta koma "waccan". Ta gai da Iya, Iya ta amsa wa akuya. Furar da take ajiye mata a ƙoƙo ta koma hannun Shatu. Kowa ya wuce ta sai ya ce, "Ki ba ta haƙuri mana, kara ne fa." Ita kuwa ta zauna gindin darbejiya da takardunta, ta ɗaure fuska, ta sha ruwan randa a madadin fura. Ta rantse ko za a shekara, gajere gajere ne.

Ta tare Kawu a zaure. "Tsakaninka da Allah, ba ka gani ba?"

"Na gani mana, makaho ne ni?"

"To me ya sa?"

"Uwata ce. Ke ma ranarki na zuwa."

Ranar ba ta yi nisa ba. A gidan ba mai yin tafiya sai ya durƙusa gaban Iya ta tofa masa addu'a a tafin hannu. Jarrabawa biyun da ta faɗi daga makaranta ta shige su, ba ta zo gida ba, kuma kowa a gidan kan rashin addu'ar ya ɗora laifin. Ihsan ta sha cewa camfi ne. Amma da safiyar Litinin, jaka a kafaɗa, ta kai ƙofar zaure ƙafarta ta ƙi fita. Karo na uku ba wurin gwada camfi ba ne.

Ta dawo ta durƙusa, ta miƙa hannuwa. Inna Ma'u ta dakata da shara. Shatu ta leƙo. Kawu ya tsaya da hula a hannu.

"Wane kara ne?" in ji Iya.

Kunnuwan Ihsan suka ɗau zafi. Tana ganin karan nan a ranta, gajere, har da gaɓoɓinsa. Ido shida a bayanta, biyu marasa gani sosai a gabanta.

"Ƙila idona ne, Iya. Karatu ya yi masa yawa."

"Ban tambaye ki idonki ba."

"Na ƙarshen ne."

Iya ta kama hannuwan, ta yi addu'a mai tsawo, ta tofa. "Allah Ya ba da sa'a. In kin je birni ki nemi tabarau."

A cikin bas har Kazaure Ihsan sai huci take yi. Ko kwandasta da ya ce ta matsa, harara ɗaya ta ishe shi.

Da aka raba takardar tambayoyi, ga shi nan a lamba ta biyu: a bayyana dalilan da suka sa mutane suka bi amsar da suka san ba daidai ba ce. Ihsan ta danne biro. Ta rubuta yadda mutum ke jin nauyin zama shi kaɗai a cikin jama'a. Ta rubuta bambancin wanda ya bi da baki zuciyarsa na tsine wa amsar, da wanda ya fara zargin idonsa da gaske. Ta rubuta cewa Baturen ya yi aiki da baƙin juna ne, da ya saka uwar wani a ɗakin da ba wanda zai tsira. Takarda ta ƙare, ta ɗaga hannu.

Malamin ya zo ya leƙa shafukan, ya dube ta ta saman gilashinsa. "Ba ke ce mai layi ɗaya ta bara ba?"

Ihsan ba ta ko ɗago ba. "Ƙaro takarda, Malam, lokaci na tafiya."