Littafin da Ban Ƙona Ba

Aikina a asibitin nan ƙona shara. Shekara goma sha tara ina bakin murhu a bayan ɗakin wanki, ana turo mini auduga mai jini da sirinji da safar hannu, ina watsawa a wuta. Shi ya sa kowa ke ce mini Mai Wuta.

Ranar da aka kawo na'urorin duba magani ɗakin bakwaini, ranar aka ce a kwashe littattafan lissafin magani. Guda tara ne, kowanne kaurinsa kamar bulo. Shugaban asibiti ya ce takarda ba ta goguwa da sifirit, tana tara cuta, kuma lissafin cikinsu ya tsufa. Na loda su a kura na tura.

Ban kai murhu ba Babbar Sista ta cim mini, tana haki. Ita ce babba a ɗakin, ta fi shekara ashirin tana kula da jariran da ke cikin kwalba.

"Mai Wuta, tsaya. Ba ni mai jan bangon nan."

"Sista, tara aka ƙirga mini."

"Toka ma ƙirga ta za a yi? Kai dai ka cika taurin kai, shi ya sa gashi ya gudu ya bar ka."

Ta buɗe mini shi. Ni karatuna bai wuce sunana da lambobi ba, amma na ga gefen kowane shafi cike da rubutun hannunta, wani da biro, wani da fensir. Ta ce wancan faranti mai haske, wato na'urar, ran da ya ga dama zai yi shiru, wannan kuwa ba ya neman caji. Matar nan ita ta riƙe 'yata ta uku kwana arba'in a kwalba har ta rayu. Na miƙa mata. Na ƙona takwas, na dangwala yatsa a takarda cewa tara.

Wata biyar ba abin da ya faru.

Sai wata safiya aka kawo wani yaro da bai kai kilo ɗaya ba, cuta ta shiga jininsa. Likita ya faɗi maganin da baki ya ruga tiyata, ya ce a duba yawan allurar. Na'urar ta ce tana sabunta kanta, a jira. Minti arba'in tana juya wani ɗan zobe, yaro yana canza launi. Sista ta jawo littafin daga ƙarƙashin tawul a lokarta ta ajiye kaya. Littafi ya ce sau biyu a rana. Ta rubuta haka a katin yaron, waɗanda suka karɓe ta suka bi katin, ba wanda ya koma ya tambayi na'urar. Ashe an daɗe da sauya dokar: yaro mai wannan nauyin sau ɗaya ake yi masa a kwana ɗaya da rabi.

Kwana na huɗu fitsarinsa ya tsaya, maganin ya lalata masa ƙoda. Na shida ya mutu. Zanen gadonsa ni aka turo wa, ko tafin hannuna biyu bai rufe ba.

Aka kafa kwamiti. Aka kira ni da hantsi, na shiga da takalmin roba, ina warin hayaƙi. Mutum biyar a bayan tebur, littafin a gabansu cikin leda. Sista na zaune a gefe ba farin kaya, ta rame. Na san abin da ke gabana. In aka ce ni na ba ta, aikina ya tafi, ga 'ya'ya shida a gida.

Shugaban kwamitin ya ɗaga takardar da na dangwala.

"Mai Wuta, yatsanka ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Sista ta shaida mana cewa ita ta zare littafin daga kurarka lokacin da ka juya baya, ba ka sani ba. Ta sa hannu a kan haka. Haka aka yi?"

Na dube ta. Ba ta ɗago ba, sai ɗan yatsa da ta kaɗa mini a kan gwiwarta, wato in ce e in fita.

Ni kuwa ƙarya ɗaya na yi a wannan magana, ga inda ta kai mu. Ba zan yi ta biyu ba.

"Ba haka aka yi ba. Ta roƙa, na ba ta da hannuna. Na san takwas na ƙona. Kuma tunda ana tambaya, a tambayi wancan farantin inda ya tafi minti arba'in."

"Ba wannan muka tambaye ka ba."

"To ni shi na tambaye ku."

Wata mai gilashi ta yi rubutu mai tsawo. Aka ce mu jira a waje.

Muka zauna a benci ɗaya, tsakaninmu wurin mutum biyu.

"Wa ya aike ka?" ta ce daga baya.

"Sista, gaskiya na faɗa."

"Da kuskure kaɗai ne a kaina. Dakatarwa za su yi mini, wata shida, in dawo. Yanzu ka ƙara mini ƙarya a gaban kwamiti, da sa hannuna. Ka san abin da ake yi wa mai wannan?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Kafin azahar aka fito da takardu biyu. Tawa gajera ce, magatakarda ya karanta mini: in ajiye makullin murhu in tafi. Tata shafi biyu ce. An kore ta, kuma za a tura sunanta a soke lasisinta, ba za ta ƙara taɓa jariri a kowane asibiti ba.

Ta ninke takardar ta sa a jaka. Na ce, "Sista, ki yafe mini."

"Gai da 'yar tawa ta kwalba," ta ce, ta bi ta ƙofar baya don kada ta wuce ta gaban ɗakin bakwaini.