Audugar da ke Cikin Esi

Shekara talatin da biyu tsohon direban ya yi yana jan motocin mutane. Da ya ajiye aiki sai ya tsira da wata tsohuwar farar mota, wadda in ya tayar da ita duk layin sai an sani. Abu ɗaya ne bai tsufa ba a jikinta, wato na'urar sanyinta, esi. Ita ma ba don kansa yake lallaɓa ta ba, don uwar 'ya'yansa ce, wadda zafi ke sa wa ciwon kai.

Matar nan tana da wata ɗabi'a da ta fi shekara goma tana haɗa su faɗa. Ita ke haɗa turarenta da kanta a wata 'yar kwalba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take zubawa ba. Duk ranar da za su fita sai ta ɗiga shi a auduga, ta cusa a ramin da sanyi ke fitowa ta gefenta, wai motarsa warin direbobi take yi. Shi kuma ya yi ta mita cewa za ta toshe masa bututu. Wata rana ma da maƙalin ɗan kunnenta ta tura audugar, ɗan kunnen ya suɓuce ya bi ta ciki. Haka ta je unguwa da ɗan kunne ɗaya, shi ko yana yi mata dariya har suka dawo.

Wata takwas ke nan da rasuwarta. An rabar da kayan sawarta, an sake wa ɗakinta fenti saboda autarsu da ta dawo gidan tana kula da shi. Kwalbar turaren kuwa a bushe aka same ta. Sau uku autar tana gwada haɗa irinsa, ya sunsuna ya ce ya yi, amma su duka biyun sun san bai yi ba. Wuri ɗaya ƙamshin ya rage a duniya, cikin motar nan. Kullum da hantsi sai ya shiga, ya ɗaga gilasai, ya kunna esi, ya zauna ba inda za shi. Autar takan hango shi ta taga ta yi kamar ba ta gani ba.

Ran nan yana zaune haka sai injin ya yi wata irin ƙara, warin ƙonanniyar roba ya tashi. Ya lallaɓa motar zuwa garejin makanikensa, wanda kowa ke kira Injiniya. Mutum ne mai hannun kirki da taurin kai. Abu biyu aka san shi da su: ba ya barin aiki rabi, kuma duk abin da ya kwance sai ya wanke shi tas, ƙarfe da fetur, roba da sabulu, kafin ya mayar ko ya miƙa wa mai shi. Masu mota na yi masa tsiya cewa wanki ya kamata ya koya, ba kanikanci ba.

Injiniya ya ɗaga murfin inji, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce kwamfireso ce ta cije, wato tukunyar da ke matsa iskar sanyin. Irin tata an daina kawowa, in kuma aka bar ta za ta riƙa tsinka bel, wato igiyar robar da ke juya ta, a kan hanya. Mafita ɗaya ce, a cire esin gaba ɗaya a sa ɗan gajeren bel.

Tsohon ya matso kusa. Ya tambaya ko fankar ciki za ta ci gaba da hura iska. Injiniya ya ce ƙwarai, sanyin ne dai ba za a samu ba. Sai ya ɗan ji sanyi a ransa, don shi ba sanyin yake nema ba.

"To ka cire na gaba kawai," in ji shi. "Ciki kam kada ka taɓa. Ka bar min shi yadda yake."

"Baba, ai ba wani aiki ba ne kwance cikin."

"Ka dai bar shi."

Dalilin yana bakinsa, amma ina dattijo mai furfura zai tsaya a tsakiyar gareji, masu jiran gyara na zaune a benci, ya ce ƙamshin matarsa yake tsaro?  Injiniya kuwa ya gyaɗa kai, a ransa yana cewa halin Baba ke nan, ba ya son ɗora wa mutum wahala.

Tsohon ya ja kujera ya zauna ya sa ido. A gabansa aka zuƙe iskar, aka kwance bututan ƙarfe, aka zaro faffaɗan ƙarfen nan mai kama da lagireto da ke gaban inji, aka sauke kwamfiresor a kan kwali. Bai motsa ba sai da autar ta biyo shi, ta tuna masa yau ce ranar ganin likita saboda hawan jini. Ya so ya ƙi, ta kafe. Yana tafiya yana waiwaye.

Da yamma ya dawo ya tarar da motar a inuwa, an goge ta tana sheƙi. Injiniya ya taho yana goge hannu da tsumma, fuskar nan fal murna, ya ce zuciyarsa ta ƙi yarda ya mayar wa Baba mota da mataccen ƙarfe a cikinta. Ya sauke dashbod, wato allon da ke gaban direba, ya fitar da akwatin sanyin da ke bayansa, bututan roba kuwa ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan zafi da sabulu, ya shanya su a rana.

"Baba, da ka ga abin da na kwaso. Auduga ce cunkus, ta yi baƙi, ta fi cikin hannu biyu. Ko ɓera ne ya yi gida, oho."

"Ina ka sa ta?"

Injiniya ya nuna gwangwanin da yake juye baƙin mai. Tsohon ya je ya leƙa. Audugar ta sha mai ta nutse, sai 'yan ƙulle-ƙulle ake gani a sama.

Ya dawo ya shiga motar, ya ɗaga gilasai kamar yadda ya saba, ya murɗa fankar har ƙarshe. Iska ta fito da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, mai tsabta, mai ƙamshin sabulu. Ya sunkuya ya kai hanci ramin gefen da matarsa ke zama, ya daɗe a haka. A nan ya ji mutuwar matar nan ta dawo masa sabuwa, har ta fi ta ranar farko ciwo, don ranar akwai mutane kewaye da shi, yau kuwa ba wanda ya san an yi masa rashi.

Injiniya ya ƙwanƙwasa gilashi, ya tambaya ko ya ji bambanci. Tsohon ya sauke gilashin ya ce ya ji. Ya dubi hannuwan mutumin da suka yi fari saboda sabulu, ya rasa ta inda zai ga laifinsa, sai ya ce Allah ya yi albarka.

"Af, na kusa mantawa," in ji Injiniya. Ya laluba aljihu ya fito da ɗan kunne guda ɗaya. "A cikin audugar na tsince shi. Ya yi dauɗa, na wanke maka shi."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Bai damu da masu zaune a benci ba, ya kai shi hanci a gaban kowa, ya rufe ido ya ja numfashi.

Warin fetur yake yi.